Katin Gwal a Cikin Kwalla

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare kusa da Daudawa, na yi wani wayo da har yau idan na tuna sai na rufe fuska da mayafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Mu biyu ne mata a wurin mahaifiyata, ni ce babba. Ƙanwata ma'aikaciyar asibiti ce a Faskari. Tun muna yara kowa ya san halin kowa. Ni ba na cin bashi. Ita kuwa mai awara na bin ta, tela na bin ta, har mai kitso sai ƙarshen wata. Tana biya, wannan ba zan yi mata ƙage ba, amma a ganina duk wanda ya buɗe baki ya ce a ba shi zuwa gobe ya riga ya zubar da rabin mutuncinsa.

Da yake ni ce 'yar fari, mahaifiyata ba ta kiran sunana, balle ta yabe ni a gabana. Yabo ɗaya na taɓa tsinta a rayuwata, shi ma ta bayan katanga, tana ce wa maƙwabciyarmu, "Waccan babbar ai ko allura ba ta ara." Wannan magana na riƙe ta fiye da takardar shaidar malanta.

Da mahaifinmu ya rasu, shagonsa na ƙofar gida, wanda ke bakin hanya, ya faɗa rabon mahaifiyata. Aka sa kwaɗo aka rufe. A cikin shagon nan na girma, a kan bencinsa na koyi lissafi, kuma ban taɓa shakkar cewa ni zan buɗe shi ba. Ashe ƙanwata ma tana da ido a kai. Dabararmu ma iri ɗaya ce: a sa firiza mai aiki da hasken rana, a sayar da ƙanƙara da zoɓo, tunda wutar lantarki a wajenmu sai dai labari. Da gardama ta yi yawa, mahaifiyata ta ce, "Ni ba ni raba faɗan manya. Wadda duk ta riga kawo injin sanyin, ita za ta amshi makulli."

Ban damu ba. Na ce a raina wa zai ba mai bashin awara firiza?

Wata Juma'a sai ga ƙanwata da wani ɗan koren kati. Ta ce katin bashi ne, banki ke ba masu albashi. Ka yi sayayya da kuɗinsu, ka mayar kafin wata ya ƙare, ba a ƙara maka komai. Su kuma suna lura da yadda kake biya, in sun gamsu da kai sai su yarda su ba ka babban abu. Na taɓe baki na ce abin nema ya samu, an buɗe wa mai cin bashi rumbu. Sai mahaifiyata ta karɓi katin tana juya shi a hannu, ta ce, "Ikon Allah! Banki guda ya yarda da ɗiyata."

Wallahi kamar an zuba mini barkono a ido. Ni da ko allura ba na ara, ba wanda ya taɓa cewa banki ya yarda da ni.

Sati bai zagayo ba na shiga motar Funtuwa. Ma'aikacin bankin, wani mai haƙuri, ya nuna mini kati iri biyu. Ɗaya kore, kuɗin cikinsa kaɗan ne, ba a cirar komai a shekara, ya ce shi ya fi dacewa da mai farawa. Ɗayan ruwan gwal, kuɗinsa da yawa, amma duk shekara akwai abin da za a cira. Ban ko bari ya rufe baki ba na nuna na gwal. Koren ai na ƙanwata ne, kuma ni ce babba. Ya ci gaba da wani dogon bayani a kan yadda ake amfani da shi, ni kuwa idona na kan agogo, don hanyarmu ba a son la'asar ta yi wa mutum a kanta. Na yi ta cewa "to, to," na sa hannu na fito.

Ranar da katin ya iso na kai shi gidanmu, na ajiye a kan tabarma yadda rana za ta haske shi. Mahaifiyata ta dube shi ta ce, "Madalla," ta ci gaba da tsinar wake. Alkunya ce, na sani, amma ta yi mini ciwo.

To a nan wayon nawa ya fara. Na girma ina ganin masu tafiya cirani suna kawo wa mahaifina ajiya, kuɗi a ƙulle cikin tsumma. Idan sun dawo ya miƙa musu abinsu da ƙullin da suka yi da hannunsu, ko kwancewa bai yi ba. Da haka ya yi suna har Sheme da 'Yargoje. Sai na ce ai wannan ita ce jarabawar da banki ke yi mana: sun ba mu kuɗinsu su ga wa zai taɓa. Na naɗe katin a hankici, na sa shi a ƙasan kwalla tare da 'yan kunnena na aure, na mayar da murfi.

Ƙanwata kuwa sabulu da kati, man girki da kati, har takalmin makarantar yara. Wata na ƙarewa ta biya, ta sake ci. Ina kallonta har tausayi take ba ni. Na ma taɓa ce mata, "Ke dai ki bi a hankali, suna ganin duk abin da kike yi." Ta ce, "Yo Yaya, ai don su gani nike yi." Na ɗauka rashin kunya ce irin ta 'yan auta.

Da azumi ya matso, bankin ya fara sayar wa masu albashi firiza ana biya kaɗan-kaɗan. Mota ɗaya muka shiga da ƙanwata zuwa Funtuwa, na sa sabon lesi, na ɗauko katina daga kwalla yana ƙamshin turaren wuta. Ita aka fara dubawa. Ma'aikacin ya danna na'urarsa, ya yi murmushi, ya ce ta cika takarda. Na ce a raina in ita ta samu, ni ai sai su haɗa mini da fanka.

Ya danna nawa. Ya sake dannawa. Ya ɗago ya ce, "Malama, gaskiya ba mu san ki ba."

Na ce, "Ni ce ba ku sani ba? Ga katinku nan yadda kuka ba ni. Ko kwabo ban taɓa ba."

Ya dubi katin, ya dube ni, na ga yana danne dariya. Ya ce, "Ai matsalar ke nan. Wanda bai taɓa ci ba, ta ina za mu san yadda yake biya? 'Yar'uwarki duk wata muna ganin ta ci ta mayar. Ke kuwa shafinki fari fat. Ki fara amfani da shi, baɗi war haka sai mu duba."

Baɗi war haka! Azumi kuwa ga shi a bakin ƙofa. A nan kuma na gane cewa wani kuɗi da aka zare mini a albashi, wanda na yi ta tsine wa ƙungiyar malamai a kansa, kuɗin shekara ne na katin da ke barci a kwalla.

A mota ƙanwata ta sayi rake ta miƙo mini, na ce haƙorina na ciwo. Ta ce, "Yaya, mi zai hana mu haɗa? Shagon ai namu ne duka." Na ce Allah ya sa alheri, ni dama koyarwa ta ishe ni. Na juya ina kallon gonaki ta taga har muka iso, ina jin ta tana tsotsar rakenta.

Ranar da aka kawo firizar unguwa ta cika. Aka hau rufin shagon aka kafa faifan hasken rana. Mahaifiyata ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙa wa ƙanwata, ta kira sunanta ta ce, "Allah shi yi maki albarka." Ni ma na ce amin da ƙarfi, don kada a ce. Amma da na leƙa na ga ta rataye jakarta a ƙusar da mahaifina ke rataye hularsa, sai da na koma bayan gida na share ido. Kishi nake yi, ba wani suna da zan ba shi. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na zuba mata buhu-buhu a shekarar nan.

Azumin ya zo da zafi mai tsanani. Duk unguwa na buɗe baki da ruwan ƙanƙara, gidana kuwa ruwan randa, na ce ya fi lafiya. Bayan 'yan kwanaki maigidana ya ce, "Malama, wannan faɗan naku da ƙanwarki, mu mi muka yi?" Sai na shirya. Na ce zan je in saya da kuɗina kamar kowa, kuma da katin gwal, mutanen da ke layi su ga irin nawa. Da gangan ban ɗauki ko sisi ba.

Gab da magariba ne, shagon cike, mahaifiyata na zaune a kan bencin tana taya ƙanwata ƙulla zoɓo. Na zaɓi ƙanƙara manya, na zaro katin a hankali na miƙa. Ƙanwata ta sa a na'ura. Ta ƙi. Ta goge shi da gefen hijabi ta sake sawa. Ta ƙi. Ta rage murya ta ce, "Yaya, sun rufe shi. Ya daɗe ba a taɓa ba." Ga ƙanƙara a hannuna tana ɗiga, ga mutane a bayana, ga ladan na gyaran murya.

Ta ce, "Tahi da ita, ki kawo gobe."

Na buɗe baki in ce a'a, sai na tuna yarana na zaune sun zuba wa ƙofa ido. Na ce, "To, zuwa gobe." Mahaifiyata ba ta dube ni ba. Sai ta juya wajen maƙwabciyar nan tamu, ta ce, "Kin ga waccan ma ta shigo cikin mutane. Dama bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Washegari kafin ta gama buɗe shago na kai kuɗin. Amma magana ta riga ta fita, yabon nan guda ɗaya da nake taƙama da shi ya narke tare da ƙanƙarar.

Daga baya na koma Funtuwa na karɓi koren katin, ƙanwata ce ma ta koya mini yadda ake yi: ki ci kaɗan, ki biya da wuri. Yanzu banki ya san ni, har keken ɗinki na samu ta hanyarsu. Na gane cewa riƙon ajiya daban, riƙon alkawarin biya daban, kuma kafin ka zaɓi abu ka tambayi amfaninsa, kada ka tambayi launin na ƙanwarka. Muna zaune lafiya da ita, 'ya'yana ma a shagon suke wuni. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, har yau idan na wuce na ji ƙugin firizar nan sai in kau da kai in ƙara sauri.

Katin gwal ɗin yana nan a ƙasan kwalla, cikin hankicinsa, ko ƙwarzane babu. Na riƙe musu amana tsaf, shi kuwa ko allura bai taɓa saya mini ba.