Hoton da Inna Abu Ta Ɓata

Duk wanda ya zauna a Birnin Kudu a shekarun da aka yanke Jigawa daga Kano, da wuya a ce bai taɓa jin Malam Abdulsalami yana korar mutane ba. Malamin gona ne, aikin da gwamnati ta san shi da shi ke nan: ya hau babur ya bi ƙauyuka yana nuna wa manoma tazarar shuka da yadda ake zuba taki. Amma abin da ya mallaki zuciyarsa wata baƙar kyamara ce da ba ta rabuwa da wuyansa. Bai mayar da ita sana'a ba, so ne kawai. Biki, suna, saukar karatu, ko ba a gayyace ta ba sai ta je. Kuma da zarar ya ɗora ta a ido, hannunsa na hagu ya tashi sama ke nan: "Ke matsa. Kai fita. Malam, ba da kai ba ne."

Mutumin yana da tsari, wannan kam ba mai ƙwace masa. A wurinsa hoto bai zama hoto ba sai mutum ya fito daga hula har takalmi, ya tsaya cak, ya rufe baki. Wanda ya yi dariya ya ɓata. Wanda ya gifta ta baya ya ɓata. Ko akuya ce ta leƙo, to an yi asarar fim.

Su uku ne masu wannan jaraba a garin, kuma duk Juma'a bayan la'asar sukan haɗu a gindin wata darbejiya kusa da tasha, su shimfiɗa tabarma, kowa ya zube abin da direba ya dawo masa da shi daga wankin hoto a Kano. Akwai Malam Muhsin, ɗan gidan malamai, mai koyarwa a Islamiyya, wanda hotunansa ba sa wuce ɗalibai da allunansu, sai kuwa tafiyar da ya yi Dutse ya ɗauko sababbin ofisoshi ana fenti. Akwai Malam Jonah, mutumin Filato, malamin sakandare, shi kuwa komai ya gani ɗauka yake yi: duwatsu, masu wanki a rafi, bas ta kafe a laka fasinja suna turawa. Shi Abdulsalami shi ne alƙalin tabarmar, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya ɗaga hoto, ya karkata kai, ya ce, "Ina ƙafar wannan? Ka bar ta a Gwaram ne?" A yi dariya, mai hoton ya haɗiye.

To ga abin haushi. Wannan mutum da ya ɗauki rabin garin, bai da hoton matar da ta raine shi ko ɗaya. Inna Abu ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita ta ɗauke shi tun yana rarrafe bayan rasuwar uwar, ta haɗa shi da nata 'ya'yan a Unguwar Ya. Mace ce da ba ta san zama ba. In ba ta wurin daddawa tana wurin awaki, zanenta kullum da toka ko ƙasa, ƙafa ba takalmi, baki ba ya rabuwa da dariya. Duk zuwan da zai yi sai ta tsokane shi.

"Ɗauke ni haka, ɗan nan. Ai haka Allah yake ganina."

"Inna, ba a ɗaukar hoto da zanen aiki. Ki bari sai ranar da kika yi shiri."

Haka shekaru suka yi ta tafiya, ranar shirin ba ta zo ba sai da bikin Barau, autan Inna, ya taso gab da faɗuwar damina. Ranar kam Abdulsalami ya ci alwashi. Ya ɗinko mata sabuwar atamfa, ya sayo takalmi, ya aro kujera daga makarantar firamare. Ya sa sabon fim da sauri yana tsaye a zaure, mutane na ta kiransa ta ko'ina. Aka zaunar da Inna a jikin katanga, aka gyara mata ɗankwali, ya roƙe ta don Allah ta rufe baki. Ta daure ta ɗaure fuska kamar wadda aka kawo gaban alƙali. Ya danna, ya ja hannun da ke tura fim gaba, ya sake dannawa, har ya gamsu. Yana sauke kyamara ta tuɓe takalmin ta cusa ƙarƙashin kujera, ta koma madafa abinta.

Can da yamma Malam Jonah, wanda shi ma ya zo bikin, ya jera abokan ango a ƙofar gida zai ɗauke su. Abdulsalami ya shiga gyara masa layi, don ba ya iya gani ya ƙyale. Ana cikin haka sai ga Inna ta ratso ta gabansu da ƙwaryar fura a ka, za ta kai wa baƙi. Hannun hagun Abdulsalami ya tashi. Jonah kuwa ya riga ya danna.

Da hoton ya iso tabarmar Juma'a, Abdulsalami ya ɗaga shi ya yi tsaki.

"Malam Jonah, wannan kuma mene ne? Inna ta ɓata maka hoto. Ga ta nan rabi, ba ƙafa, ta tare ango."

"Ni kuwa ya yi mini kyau," in ji Jonah.

"Kyau? Kada ma wani ya gani ya ce mu ne masu ɗaukar irin wannan. Nata na gaske yana nan cikin kyamarata."

Ya yaga shi gida biyu, ya sake haɗawa ya yaga, ya watsar a kwata. Wallahi abin bai yi daɗi ba. Malam Muhsin ya sunkuyar da kai. Jonah ya tattara sauran hotunansa ya sa a aljihu ya yi sallama. Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga gindin darbejiya, kuma ba a jima ba rabon ma'aikata na sabuwar jiha ya jefa shi wata makaranta a Basirka, can ƙasar Gwaram.

Masu ɗaukar hoto don sha'awa ba sa cire fim sai ya ƙare, ko da zai yi watanni a ciki. Saboda haka hoton Inna ya zauna cikin kyamara, Abdulsalami yana ta ƙara wasu a kai, yau gonar gwaji, gobe sunan ɗan maƙwabci. Damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya kwantar da Inna Abu, kafin a gama shawarar kawo ta asibiti Allah ya karɓi abarsa. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Abu ɗaya ne yake ɗan sanyaya masa rai, cewa ko ba komai ya riga ya ɗauke ta.

Bayan an share makoki ya ce bari ya ƙarasa fim ɗin a kai wanki. Ya danna, ya ja. 'Yar tagar da ke nuna lamba ta kai talatin da shida, inda fim ke ƙarewa hannun ja ya cije. Bai cije ba. Ya sake dannawa, hannun ya tafi sumul. Ya kama mayar da fim ɗin cikin kwanonsa, juyi ɗaya ya ji ya saki. Harshen fim ɗin bai taɓa kama ƙugiyarsa ba tun ranar da ya sa shi a zaure yana sauri. Duk dannawar da ya yi wata da watanni, iska ya yi ta ɗauka. Duk da haka ya ba direba ya kai Kano, ko Allah zai sa. Fim ya dawo tas, ko inuwa babu.

A makon ne Ummulkhairi ta iso, babbar 'yar Inna da ke aure a Garwa ta ƙasar Kamaru. Ta yi shekaru rabonta da gida, bikin Barau ma tsohon ciki ya hana ta zuwa, labarin rasuwar kuma bai same ta da wuri ba. Bayan sun yi gaisuwa sun yi kuka, ta gyara goyonta ta ce, "Yaya, an ce ka ɗauki Inna da biki. Ka ba ni in tafi da shi. Wallahi in na rufe ido fuskarta ba ta zuwa mini sosai."

Bai ɓoye mata ba, ya faɗa mata abin da ya faru. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Wannan haƙurin nata ya fi zagi ciwo. Ya tambaye ta yaushe za ta koma, ta ce da an yi addu'ar arba'in. Ya ce, "Ba za ki koma hannu rabbana ba."

Ya san inda Inna ta rage a duniya. Hoton ya yage, amma duk wanki ana dawo da shi tare da nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake iya sake fitar da hoto daga jikinsa. Nagatif ɗin kuwa yana wurin mutumin da ya wulaƙanta a gaban jama'a.

Washegari ya hau babur ya kama hanyar Gwaram. Hanyar Basirka da damina ba ta wasa ba ce. Inda rafi ya cika ya naɗe wando ya tura, inda laka ta riƙe taya ya sauka ya ja. Ya isa jiƙe sharkaf, aka ce masa ai ana hutu, Malam Jonah ya tafi gida Filato da iyalinsa. Ya juyo. Bayan mako ya sake komawa, ƙofa a kulle. Malam Muhsin ya ce masa ya ba direba saƙo mana, ya huta da wannan wahala. Ya ce a'a, abin da ya yi da hannunsa ba direba ne zai je ya ba da haƙuri a kai ba. A zuwa na uku, ana saura 'yan kwanaki arba'in, ya tarar da ƙofa a buɗe, Jonah yana zaune yana gyara fitila.

Suka gaisa sama-sama. Abdulsalami ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Malam Jonah, na yi maka rashin mutunci a gaban mutane. Ka yafe mini. Inna ta rasu, kuma nawa fim ɗin bai ɗauki komai ba."

Jonah ya ajiye fitilar. Ya yi masa ta'aziyya, ya ce tsohuwar ta ba shi fura har sau biyu ranar bikin. Ya leƙa ɗaki ya kira matarsa. "Rebeka, ɗauko mini gwangwanin nan na ƙarƙashin gado."

Kai, gwangwanin nan ya ga duniya. Nagatif na shekara da shekaru a cakuɗe, ba suna ba kwanan wata, wasu danshi ya manne su da juna. Da a da ne da Abdulsalami ya yi wa'azi a kan tsari. Yau bakinsa a rufe. Suka shimfiɗa buhu a tsakar gida, kowa ya ɗauki yanki ya ɗaga sama yana hangen hasken rana ta cikinsa. A nagatif komai a juye yake, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, fuskar mutum ba ta ganuwa da sauƙi. Duwatsu suka wuce, bas a laka ta wuce, 'yan makaranta suka wuce. Wuyansu ya ƙage, idanunsu suka yi ja. Rebeka ta kawo abinci ya huce a wurin. Rana ta karkata, Jonah ya ce ko a bari sai gobe. Abdulsalami ya girgiza kai ya ɗauki wani yankin.

Ba Inna ya fara ganewa ba. Wani hannu ya gani a miƙe sama, yatsu a baje. Ya san hannun nan. A gabansa kuwa ga wata 'yar siffa da ƙwarya a ka.

Bai yarda ya ba direba ba. Da kansa ya shiga motar Kano da sassafe, nagatif ɗin a naɗe cikin hankici a aljihun ƙirji. Mai wankin ya duba a fitilarsa ya ce danshi ya ci gefe ɗaya, amma fuskar tsohuwar lafiya lau take.

"In ita kake so, sai in ƙara mata girma ita kaɗai, in yanke wannan mai ɗaga hannun. Ya cika wurin."

Abdulsalami ya dubi hannun. Ya ce, "Bar shi yadda yake. Ka fitar mini guda uku."

Ɗaya na Jonah ne, a madadin wanda ya yaga. Ɗaya nasa. Na ukun ya kai Unguwar Ya ranar addu'a, bayan mutane sun watse, ya samu Ummulkhairi tana ɗaure kaya ya miƙa mata.

Hoton bai cika ko ɗaya daga sharuɗɗansa ba. Ango ya ɓuya, ƙafafun Inna ba su fito ba, sabuwar atamfar ta sha toka a gefe. Ta juyo da fuska, ƙwarya a ka, baki buɗe har wushiryarta ta fito, idanun sun ƙanƙance don dariya. Ummulkhairi ta zauna a kan ƙullin kayanta, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ita ce," ta ce a hankali. "Haka take. Ga ta nan."

Ta share ido da bakin mayafi, ta sake dubawa, ta ɗora yatsa a kan mutumin da ke gefe.

"Wannan ai kai ne, Yaya. Da kai take dariyar. Me take ce maka a nan?"

Ya sani sarai. Tun a tsakar gidan Jonah maganar ta dawo masa, kuma ita ta raka shi har Kano ta dawo da shi. Ya dubi hoton ya ce:

"Cewa ta yi, ɗauke ni haka, ɗan nan."