Ruwan da Gwaggo ta Zuba wa Baƙi

Rijiyar gidan Gwaggo a Unguwar Rogo ta girme ni. Mijinta ne ya sa aka haƙa ta a shekarar da suka tare, kuma tun daga lokacin ba a taɓa yi mata marfi ba sai wani tsohon faifan kwano da ake ɗorawa saboda kaji. Gwaggo yayar mahaifina ce. Tun ina ƙarami na san matan lungun suna shigowa da bokitai ba tare da sun nemi izini ba, su gaishe ta, su ja ruwa, su ɗan taɓa gulma, su fita. Bayan rasuwar mijin ta ce ladan nasa ne, duk gugan da aka ja yana isa gare shi a kabari. Ba ta da wata dukiya da take ji da ita kamar wannan ramin.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare, ina zaune a Gidan Dare. A shekarun da nake magana a kansu ni ne kuma sakataren wata ƙaramar ƙungiyar kare muhalli. Ba mu kai goma ba, kuma rabinmu sun shiga ne saboda rigar da ake rabawa. Aikinmu bai wuce dashen itatuwan bedi a makarantu ba, awaki su cinye, mu sake dasawa.

Sai wani mutum ya kama hayar filin da ke bayan katangar Gwaggo, ya kewaye shi da langa-langa, ya fara sayen tsofaffin baturan mota. Ma'aikatansa sukan fasa batir da gatari, su tuntsurar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar da ke ciki. Kwatar da ke fitowa daga filin ta bi ta gindin katangar, taku kaɗan daga rijiyar. Damina biyu aka yi a haka. Zogalen da ke bakin rijiya ya bushe, ruwan ya fara ɗanɗanon ƙarfe, gugan kwano ya riƙa hujewa da wuri. Gwaggo ta daina sha, ta koma sayen na 'yan garuwa, ta kuma gaya wa matan lungu su dakata sai an ga abin da hali zai yi. Suka dakata, suna ƙunƙuni. An kai kuka wurin mai unguwa, ya kira mai filin, mai filin ya ce a nuna masa shaida.

A daidai wannan lokaci ƙungiyarmu ta samu shiga wata babbar haɗaka ta ƙungiyoyin ƙasashe da dama masu neman abin da suke kira adalcin muhalli. Ma'anarsa, kamar yadda na fahimta, ita ce a daina zuba dattin mai ƙarfi a ƙofar marar ƙarfi. Duk wata ake taro ta bidiyo, bayan la'asar a agogonmu. Nakan zauna a ɗakin malamai in jingina waya da kwalin alli, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. A nan na ga wata mata daga Kudancin Amurka wadda masu haƙar ma'adinai suka ɓata wa ƙauyensu rafi, da wani dattijo daga Asiya da ya ce kogin garinsu yana canza launi gwargwadon rinin da masaƙa ta yi a ranar. Kowa da rijiyar gwaggonsa. Da aka zo kaina na ba da labarin tamu da Turancin da na kwana biyu ina gogewa, aka yi ta gyaɗa kai a cikin 'yan akwatunan allon. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Bayan wata uku suka ce za su turo mutum biyu su ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji. Idan aka samu dalma, suna da lauyoyi da 'yan jarida, kuma sun ce sun sha tayar da irin wannan fili a wasu wurare. Wato dai makomar rijiyar ta rataya a kan kwalba ɗaya.

Na je na sanar da Gwaggo. Na same ta tana tsince shinkafa a tire.

"Gwaggo, baƙi za su taho ran Talata, daga nesa ƙwarai. Saboda rijiyag ga."

"Mi za su yi mata?"

"Dubawa za su yi. A dai karrama su."

"To, Allah shi kawo su lahiya," in ji ta, ta ci gaba da tsintarta.

Iyakar bayanin da na yi mata ke nan. Na yi wa mutanen nahiya huɗu bayanin yadda dalma ke bin ƙasa ta shiga ruwa, amma yayar ubana na ce mata a karrama baƙi, na hau babur na tafi.

Ran Talata da hantsi na ɗauko su daga masaukinsu a Sabon Gari. Ɗaya ɗan ƙasar nan ne, daga yankin da ake haƙo mai a Kudu, mutum mai yawan dariya. Ɗayan Bature ne dogo marar magana, shi ne mai akwatin kwalabe. Da muka shiga lungun sai na ga abin da ban yi tsammani ba. Mutanen unguwa sun yi gayya. An share lungun tas, an yashe kwatar, an barbaɗa sabon yashi a kan baƙar ƙasar da ke gindin katanga, har kututturen zogalen an cire. Tun da nake zuwa Unguwar Rogo ban taɓa ganin wurin da tsabta haka ba. Baturen ya ɗaga kyamara, ya duba hagu ya duba dama, ya mayar da ita jaka.

Aka shimfiɗa tabarmi a zauren Gwaggo, dattawa suka cika shi. Mutumin Kudu ya tambaye su yadda suke fama da lamarin, na fassara. Suka ce lafiya lau, sai godiya. Ya sake tambaya ko akwai masu ciwo. Wani tsoho wanda na san jikarsa ta yi wata guda tana ciwon ciki ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Na fassara masa hakan, na ƙara da nawa bayanin cewa a nan ba a buɗe wa baƙo ciki a zaman farko. Ya yi dariya ya ce ya gane. Na ce a raina ba komai, baki yana iya jin kunya, amma ruwa ba ya ji.

Baturen ya buɗe akwati, ya sa safar hannu, ya ciro kwalba. Ka'idar aikinsa ita ce ya ɗebi ruwan da hannunsa. Ya miƙe zai nufi ƙofar cikin gida, sai dattawa suka bi shi da kallo. A cikin gidan akwai matar ɗan Gwaggo da wasu matan maƙwabta da suka shigo taya girki. Na ce masa maza baƙi ba sa wuce zaure. Nan da nan ya ja baya yana ba da haƙuri. Ashe su ma suna da wata ka'idar da ta fi ta farko ƙarfi a wurinsu: duk inda suka je, al'adar mutanen wurin ce a gaba, ba sa tsallake ta. Na sha jin suna nanata wannan a taro, kuma har yanzu ina ganin ka'ida ce mai kyau.

Ni ya kamata in karɓi kwalbar in shiga, tun da gidan gwaggona ne. Amma a daidai lokacin mai unguwa ya gyara murya ya fara jawabin maraba, kuma babu mai fassara sai ni. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofar ciki da mayafinta. Na miƙa mata kwalbar ta bayan kafaɗa, na ce, "Gwaggo, ruwa za a cika musu." Ta karɓa da hannu biyu. Kafin mai unguwa ya kai ƙarshen tarihin unguwar ta dawo da ita a cike, ta goge jikinta da gefen mayafi, ta ɗoro ta a kan faranti. Baturen ya rufe, ya manna takarda, ya rubuta kwanan wata. Aka kawo fura da gasasshen nama, suka ci suka yaba, na mayar da su masauki.

Sakamakon ya zo bayan mako shida. Ruwan lafiya lau, babu dalmar da ta kai a damu da ita. Na karanta takardar sau uku a ɗakin malamai, sannan na hau babur.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida, kusa da randunanta biyu da ke ƙarƙashin rumfa.

"Gwaggo, ran da baƙin nan sunka zo, wane ruwa kinka zuba a kwalba?"

"Na randa."

"Ba na rijiya ba?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ta yi salla babu alwala.

"Mutane sun taso tun daga wata duniya, sun zamna zaurena, in ɗebo ruwan da ko akuyata ba ni ba ta, in miƙa musu?"

"Ba sha za su yi ba, Gwaggo. Aunawa za su yi, su ga gubad da ke ciki."

"Kai kas san wannan. Ni kwalba nig gani hannun baƙo. Ka hwaɗa min?"

Ban faɗa mata ba. Na tsaya ina jujjuya makullin babur a hannu, kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji a gaban ɗalibai ko shugaban makaranta ba.

Na rubuta wa haɗakar abin da ya faru, ban ɓoye nawa laifin ba. Mutumin Kudu ya kira ni, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce uwarsa ma abin da za ta yi ke nan. Sun karɓi bayanin da mutunci. Suka ce za a sake gwajin, amma sai zagaye na gaba, domin akwai garuruwa da yawa a layi, wasu ma yara ake binnewa a cikinsu. Ban ga laifinsu ba. Na ce zan ɗebo da kaina in aika, suka ce ruwan da ba jami'insu ya ɗeba ya rufe ba, ba ya zama hujja. Na so in tuna musu wanda ya ɗebi na farkon, na fasa.

Akwai kuma ka'ida ta uku da ban sani ba sai da ta same mu. Ba sa ɓoye sakamako. Duk abin da gwaji ya nuna, sukan aika wa kowane ɓangare, har wanda ake ƙara. Don haka kafin wasiƙata ta isa, takardar ta riga ta isa hannun mai filin batir. Ya kai aka lulluɓe ta da leda mai ƙarfi, ya buga ta da ƙusa a jikin ƙofar langa-langarsa, inda duk mai wucewa zai gani. Wanda bai iya Turanci ba ma yana ganin hatimi. Magana ta zagaye lungu cewa Turawa sun auna ruwan Gwaggo sun ce ya fi na famfo kyau.

Ina gidan wata Asabar da safe wata maƙwabciya ta shigo da goyo a baya da bokiti biyu. Ta gaishe da Gwaggo, ta wuce kai tsaye ta ɗage faifan kwanon, kamar yadda ta saba shekara da shekaru.

"Aje gugan nan, ɗiyata," in ji Gwaggo.

"Inna, ai an ce lahiya lau ta. Takarda na can manne."

"Takardar ba ta rijiyag ga ba ta. Ta randata ta."

Matar ba ta gane ba, kuma ba ta yarda ba. Ta ce ruwan 'yan garuwa ya fi ƙarfinsu, ta ce in dai an gaji da su ne a faɗa musu. Gwaggo ta tashi da kyar, ta je ta tsaya tsakanin matar da bakin rijiyar har sai da ta kwashi bokitanta ta fita ba sallama. Kwana uku ana haka, wata ta shigo wata ta fita. Wasu suka riƙa faƙon lokacin da take salla su ja guga ɗaya da sauri. A lungun aka fara cewa tsufa ya sa mata rowa, har ruwan sadakar mijinta take hanawa. Wannan maganar ta isa kunnenta, kuma na san ta yi mata ciwo fiye da bushewar zogalen.

Ran Laraba ta aiko a kira ni. Na zo na tarar da mai walda ya gama aikinsa yana naɗe waya. An yi wa rijiyar marfin ƙarfe mai nauyi, da kwaɗo sabo fil. Gwaggo tana zaune a kan tabarma ta ba rijiyar baya.

Na fara ce mata zagaye na gaba yana nan tafe, za su dawo, wannan karon ni zan ja gugan da hannuna a gaban shaidu. Ta bar ni na gama. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin ta miƙo mini.

"Riƙe wurinka, kai mai ƙungiya. In yana hannuna, wata za ta shigo da goyo ta roƙe ni, kuma na san kaina, buɗewa zan yi."

Na karɓa. Har yau ana taron bayan la'asar, ina shiga idan sabis ya yarda, kuma sunan unguwarmu yana cikin jerin masu jira. Filin batir yana nan yana aiki. Makullin yana cikin aljihun teburina a Gidan Dare, a kan takardar da ta ce ruwan lafiya lau.