Ban Faɗi Da Babur Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu kira da masu saƙo duk na gani, kunya ce ta hana ni amsawa.

Yau ma ba don kaina na dawo ba. Akwai wani dattijo a Gammo, Baba Ilu mai ɗori, da ake ta yaɗawa wai shi ya kusa kashe ni. Mutane sun janye daga ƙofarsa. Wallahi ba laifinsa ba ne, nawa ne.

Da dogon hutun makaranta ya zo, fetur ya fi ƙarfin albashin malamin firamare, sai na jingine babur na zauna a gida. Gidan gem na unguwarmu an daɗe da rufe shi, wai yana hana samari salla. Ko yana buɗe ma, ɗan liman kamata ba ya shiga. Sai na sa gem ɗin ƙwallo a tsohuwar laftof ɗina, ina caji da solar masallaci. Na ce wa Baba, mahaifina, darasin zango mai zuwa nake shiryawa.

A gem ɗin kai ne koci. Maimakon in ɗauki babban kulob in huta, sai na ɗauki na can ƙarshen teburi a rukuni na biyu. 'Yan wasan duk tsofaffi, golana ko kaza aka jefa masa sai ta wuce. Masu kulob kullum saƙo: ka fitar da mu daga ƙasa ko mu kore ka. Ni kuma na ɗauki abin da zafi, kamar gonar gadonmu za a ƙwace.

Daga karin kumallo zuwa azahar ina naɗe a tabarma, ƙafa ɗaya a ƙarƙashina. In yi salla a gurguje in dawo har magariba. Ruwa ma na rage sha don kada fitsari ya tashe ni. Haka na yi kusan mako biyar.

Sai sha-raɓata ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ina ɗingishi. Baba ya tambaye ni. Ya za a yi magidanci mai shekara talatin da ɗaya ya ce ƙwallon ƙarya ce ta gurgunta shi? Na ce na faɗi da babur ne a hanyar Gude.

Ya kai ni wurin Baba Ilu. Tsohon ya shafa, ya lalluba, ya ce, "Malam ƙarami, ni fa ban ji targaɗe a nan ba. Ka tabbata faɗuwa ka yi?"

Na ce har babur ɗin ya danne ni.

Sai ya ɗebo man kaɗanya ya murza mini ƙafar sosai.

Kwana biyu bayan nan ina alwalar la'asar numfashina ya sarƙe. Ƙirji kamar an soka mini wuƙa, na yi tari na ga jini. Na tsorata, na fara kalmar shahada.

Daga asibiti a Gwarzo aka tura mu Kano. Aka sa mini oksijin, aka ɗauki hoton ƙafa da na ƙirji. Likita ta ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, wani guntu ya ɓalle ya tafi huhu. A gaban 'yan dubiya ta ce, "Wa ya murza wannan ƙafar? Irin wannan ba a murza ta." Kafin a sallame ni maganar ta gama zaga Gwarzo da Kabo.

Da ɗaki ya rage daga ni sai Baba, likitar ta dawo. "Ban ga alamar faɗuwa ba, ko ƙujewa babu. Ka yi doguwar tafiya? Ka daɗe a zaune? Malam, maganinka ya dogara da amsarka."

Nan na faɗa, ta cikin robar oksijin, ina kallon silin. Baba bai yi faɗa ba. Ya gyara mini bargo kawai. Da ma ya mare ni.

Kwanana tara. Allurar tsinka jini a fatar ciki safe da yamma, ɗibar jini kusan kullum. Dawar da Baba ya ajiye don damina duk ta tafi a hoto da magani. Har yanzu ina shan ƙwaya, amma ina tafiya da ƙafata, na koma aji. Alhamdulillah.

Ranar da muka dawo gida Baba ya ce, "Maganar Ilu, ba zan faɗa a madadinka ba. Kai za ka faɗa da bakinka." Na yi wata uku ina cewa gobe.

Jiya na je Gammo. Bencin da masu karaya ke layi a kai babu kowa. Na durƙusa na gaya masa komai. Bai gane gem ba, na yi ta bayani har ya gaji.

Ya ce, "Shekara arba'in ina bin abin da hannuna ya gaya mini. Ranar nan ya ce babu, na bi bakinka saboda ɗan malam ne kai. Na yafe. Amma tun da aka ce ka yi tarin jini ban iya taɓa ƙafar kowa ba."

Na gode wa Allah, na gode wa Baba, da likitar da ta ƙi yarda da ni, da ku masu addu'a.

Masu gem da masu dogon zama, ku riƙa miƙewa kuna takawa, ku sha ruwa. Ƙafa ɗaya in ta kumbura ta yi zafi ba tare da rauni ba, kada a murza, a tafi asibiti. Kuma kada ku yi wa mai magani ƙarya.

Baba Ilu ba shi da waya. Duk wanda ya kai waccan maganar wani gida, don Allah ya koma gidan ya kai wannan.