Ƙuri'ar Malam Bawa Tela

Ku da za a tura rumfunan zaɓe bana, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, gara ku ji ta daga bakina. Lokacin ina koyarwa a Sifawa, aka ɗauke ni aikin wucin gadi, aka tura ni wani ƙauye bayan Kajiji a matsayin shugaban rumfa. Zaɓen 'yan majalisar jiha ne.

A horon da aka yi mana a Bodinga an jaddada cewa makafi su ma yanzu a ba su haƙƙinsu. A sa su gaban layi, a ba su wani faifai mai ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa. Wanda bai iya shi ba ya zo da mutumin da ya yarda da shi ya kama masa hannu. Mu ma'aikata kuwa, ko kallon takardar mutum an hana mu.

Da hantsi aka kawo Malam Bawa, tsohon tela, wanda tun da idonsa ya tafi bai sake zaɓe ba. Ya sha farar riga ɗinkin hannunsa. Na miƙa masa faifan, ya shafa, ya yi dariya ya ce shi allo ya sani, wannan kam sai mu 'yan boko. Babban ɗansa Sani, magidanci mai 'ya'ya, shi zai kama masa hannu.

Tsohon nan bai iya ɓoye abu ba. Kowa a layi ya ji cewa ya zo ne ya kada ɗan majalisa mai ci, saboda kwalbatin da ya yi ta alkawari bai yi ba. Damina biyu ruwa na yanke hanya, a hanyar matar tsohon ta cika kan babur ana neman asibiti da ita.

Ƙafar kwalin da ke kare mai dangwala ƙuri'a ta karye, dole na tsaya na riƙe shi. Na kau da kai, amma wallahi idona ya faɗa. Sani ya ja babban yatsan ubansa ya danna a gidan mai ci ɗin. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai. Daga baya na ji shi ke tara wa ɗan majalisar jama'a a unguwarsu.

Sai tsohon ya juyo wajena. "Malam, kai ne hukuma. Ta zauna inda nic ce?"

In na ce a'a, na tona cewa na leƙa ƙuri'a, wakilan jam'iyyu su ta da rigima a soke rumfar, kuma na raba uba da ɗa a bainar jama'a. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba.

Na ce, "Ta zauna, Baba."

Ya sa mini albarka har sau uku. Da yamma na faɗa wa mai duba mu, ya ce tun da tsohon ne ya zaɓi mai kama masa hannu, babu gurbin da za a rubuta wannan.

Abin da na koya shi ne, doka tana iya kawo mutum gaban akwati, sauran kuma yana hannun wanda ke tsaye a wurin. Ranar ni ne a tsaye. Malam Bawa ya rasu kafin wani zaɓen, yana gaya wa mutane ya rama wa matarsa.