Ranar da Taro Ya Bi Shugaba Har Falo

Duk wanda ya taɓa zama a dogon benen nan na bayan tasha ya san Ungozoma. Rabin yaran gidan a hannunta suka faɗo duniya, sauran kuma ta ja musu kunne. Ta daɗe da barin aikin asibiti, amma ba ta bar tara mutane ba. Ƙofarta ba ta san rufuwa ba: wannan ta zo aron rariya, wancan hira kawai ta kawo shi. Mace ce da shiru ke sa wa zazzaɓi.

Mijinta mai gyaran famfo ne, mutumin kirki, sai dai akwai son a yaba. Da mazauna gidan suka kafa ƙungiya, shi suka zaɓa shugaba. Ya kuwa yi aiki, ruwa ya hau har hawan ƙarshe, aka sa fitila a matakala.

Amma kujera akwai daɗi. Da wa'adinsa ya cika, maimakon ya kira zaɓe, sai aka wayi gari ya garƙama kwado a ɗakin taro. Wai ya rushe kwamiti, 'yan surutu ne kawai, shi zai ci gaba da riƙo har abubuwa su daidaita. Mutumin da in rediyo ya ce wani shugaba ya rufe majalisa, zai yi ta Allah wadai har abincinsa ya huce! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ya kuma yi wayo. Dokar ƙungiyar ta ce taro ba ya zama taro sai shugaba na zaune a wurin. Saboda haka ya daina zama cikin mutane. Da ya hango an taru, sai ya rungumi akwatin aikinsa ya ƙara sauri.

Ungozoma ce ta sha wahalar abin. Ba wanda ya zage ta, gaisuwa ce dai ta gajarce, ƙafa ta ɗauke. Har haihuwa aka yi a hawa na uku, sai a bakin mai shara ta ji. Ranar ta shiga kicin ta yi kuka mai isarta.

“Baban yara,” ta ce masa, “ka mayar wa mutane da abinsu.”

“Ke ba ki san mulki ba. In na sauka, gidan nan ko ruwa ba zai ƙara gani ba.”

“Tun kafin a haife ka ake shan ruwa,” in ji ta.

Ya yi kunnen uwar shegu. To, ita ta san wuri ɗaya da shugaba ke zama. Kullum in ya dawo aiki da yamma, yakan baje a kujerar falo, ya tsoma ƙafafunsa a bahon ruwan ɗumi. Sai ta yafa mayafi ta bi gidan ƙofa-ƙofa, ita da aka saba zuwa wurinta.

Washegari yana zaune daga shi sai singileti, wando a naɗe, ido a lumshe, aka yi sallama. Tela ya shigo da matarsa, ga malamar makaranta, ga direba, kafin ka ce kwabo falo ya cika. Ya yunƙura zai tashi, ya duba takalmansa, babu su.

“Ke, tawul!”

“Yana zuwa,” ta ce, ga shi kuwa a kafaɗarta.

Malama ta gyara murya. “Jama'a, shugaba na zaune?”

“Yana zaune!”

Nan take aka ɗaga hannu, Malama ta lashe zaɓe. Mai famfo ya cika ya yi fam. Direba ne ya fara kasa riƙe dariya. Shi ma tsohon shugaba ya dubi ƙafafunsa a cikin baho, sai kafaɗunsa suka soma rawa.

“Yanzu har cikin baho za ku bi ni ku yi mini juyin mulki?”

“A'a, Baba,” in ji Tela, “kai ka juya, mu daidaitawa muka zo yi.”

Ya laluba aljihu ya miƙa wa Malama makullin ɗakin taro, aka ɗauki tafi.

Ungozoma dai ba ta yi tafin ba. Taro ya tashi, mutane sun miƙe. A ganinta, abin da ya kawo su sun samu, yanzu kowa zai kama gabansa, falon ya koma shiru. Ta tsaya rungume da tawul tana kallon ƙofa.

Sai matar Tela ta ratsa ta gabanta, ko izini ba ta nema ba, ta faɗa kicin. Aka ji ƙarar buɗe durowa, sannan muryarta:

“Inna, wai ina kika mayar da kofunan nan ne? Jama'a na jiran shayi!”

Ungozoma ta ajiye tawul, ta bi ta kicin ɗin da sauri. Da hannu ta nuna mata.