Maɓallin Lawali Yana Aljihuna

Ƙarfe tara da kwata na safe, wata ranar Laraba, mu uku ne a rumfar gyaran mota da ke ƙofar gidanmu a Cadawa: ni, da ƙanena Lawali, da matarsa Rakiya wadda ta kawo mana koko ta tsaya jiran kwano. A wannan watan shekara bakwai ke nan. Kwana goma sha ɗaya bayan wannan safiya Lawali ya rasu a kan hanyar Gidan Rumji. Duk wanda ya zo gaisuwa ya san yadda ya rasu. Abin da ya faru ranar Laraba kuwa ni da Rakiya kaɗai muka sani, kuma shi nake so in rubuta, bi da bi, yadda ya gudana.

Mahaifinmu direba ne. Da ya rasu ya bar mana motar fasinja guda, muka ci gaba da jigila da ita daga Gazawa zuwa Gidan Rumji, yau ni gobe Lawali. Ni a aji shida na bar lakol, wato makarantar boko. Shi ya ɗan zarce, sannan ya yi shekara uku a Maradi yana koyon gyaran salula. Ya dawo da wani hali: ba ya iya ganin abu a rufe bai buɗe shi ba.

Da rediyon motar ya mutu, ni cewa na yi a sayo wani. Shi kuwa sai ya samo wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba wajen wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano, ya ciro gilashin wata babbar salula da ta lalace, ya ƙera musu akwati da katako, ya dasa a gurbin rediyon. Ya zuba karatun Alƙur'ani a ciki, da wa'azi, da waƙoƙi, ya haɗa ta da tashoshin rediyo, har da taswirar hanya. Direbobi a tasha suka sa masa suna Injiniya. Kullum sai wani ya leƙo ya ce, "Injiniya, yaushe za ta tashi sama ne mu ba ka hanya?" Shi kuma ya ce, "Ranar da taka ta tashi ba turi." Fasinja kuwa sun so abin. Akwai tsofaffin da ke ƙin shiga motar da ke kan layi, su zauna jiran tamu mai karatu.

Aibi ɗaya gare ta, kuma shi ya fara gano shi. Allonta, wato gilashin salular nan, sai an taɓa shi da yatsa, yatsa kuwa ba ya zuwa daidai sai ido ya raka shi. Mota na tsalle, ka nufi ƙara murya ka taɓa wani wuri, sai ka sake dubawa. Don haka ya shiga wajen masu sayar da kayan matattun motoci a Maradi, ya samo maɓalli irin na motocin manya, mai kauri kamar murfin kwalba, wanda ake murɗawa dama da hagu, a kuma danna shi. Ba takardar bayani. Waya biyar ne suka fito daga gindinsa. Mako uku ya yi da na'urar auna wuta yana bin su ɗaya ɗaya, har ya gane biyu na wuta ne, biyu su ke shaida wa kwamfuta ɓangaren da aka murɗa, ɗaya kuma na dannawa. A kan tebur ya gwada, abu ya yi. Saura a ɗaura shi a mota.

Wurin da yake so shi ne kusa da giyar mota, inda hannu ke sauka da kansa. A wurin kuwa akwai gwangwanin goron Baba, wanda shi da hannunsa ya ɗaure da noti biyu tun muna yara. Ban taɓa yarda a taɓa shi ba.

Ranar Laraba ya ajiye maɓallin a gabana.

"Yaya, noti biyu ne kawai. Taƙi guda zan matsar da gwangwanin, ba jefar da shi zan yi ba."

"Inda Baba ya sa shi, nan zai zauna."

"Wallahi da Baba ya ga wanga abu, shi zai riƙe mani ƙarfen dalma."

Na ce masa ya daina sa Baba cikin wasansa. Ina da al'ada a rumfar nan: duk aikin da mota ke bukata sai in rubuta shi da alli a bango, da lamba, kuma ba a yin na biyu sai an gama na ɗaya. Ranar akwai aiki takwas a bangon, daga birkin baya har zuwa ɗinkin kujera. Na ɗauki alli na rubuta na tara: maɓallin Lawali. Na ce in an zo kansa za mu yi maganar gwangwani.

"Ɗinkin kujera ya riga shi? Haba Yaya. Ka maido shi sama."

"Ba a tsallake lamba a rumfar nan."

Sai ya daina dariya. Ya ce, "To bari in cire allon har a zo kan lambar. Allo ba maɓalli ido yake ci, ni kuwa biyu gare ni, kuma na hanya ne."

Na ce a'a. Na ce fasinja sun saba da karatu, ba za a cire ba. Sannan na ɗauki maɓallin na saka a aljihun rigata, don na san halinsa, in na juya baya zai ɗaura. Ya dubi matarsa ya ce, "Kin gani ko? Jandarma ya kama kaya." Rakiya ta ɗauki kwanonta ta shige gida.

Wannan ita ce maganar da ban taɓa faɗa ba. Hana shi ɗaura maɓalli laifi ɗaya ne. Hana shi cire allon shi ne na biyu, kuma ya fi nauyi, domin da bakinsa ya gaya mani haɗarin, ni kuma na zaɓi cikar mota.

Ranar da abin ya faru shi ke da tuƙi. Bayan ya wuce Tibiri da hantsi, amalanken shanu ya fito daga hanyar gona ya hau kwalta. Ya kauce masa, motar ta faɗa gefen hanya ta ɓangaren direba. Fasinja duka sun rayu, wasu da karaya. Shi kaɗai ya cika kafin a kai asibiti. Jandarmomi suka rubuta amalanke, suka rubuta kaucewa, ba su rubuta allo ba, don ba wanda ya ce musu su tambaya. Da aka jawo motar gida, gaban ya lotse, amma akwatin katakon nan ko tsagewa bai yi ba. Gwangwanin Baba ma yana nan daram a kan notinsa. Lokacin mun kai aiki na biyar a bango.

Ranar sadakar uku ina zaune a zaure, wani ya raɗa mani cewa ga mutumin da ya zauna gaba kusa da Lawali ya zo gaisuwa. Na ɗaga kai na gan shi yana cire takalmi: dattijo ne mai farin gemu, da zanen Gobirawa a fuska, hannunsa na hagu a ɗaure. An ce wake yake saye, kuma mutumin wajen Gidan Sori ne. Shi kaɗai ne a duniya ya ga inda idon ƙanena yake lokacin da amalanke ya fito. Na miƙe na ce zan yi alwala. Na shiga cikin gida, na zauna bayan rumbu har aka ce ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba.

Na san abin da malamai suka karantar da mu a kan ajali, kuma na yi imani da shi. Ranar Lawali ba za ta matsa ba ko da maɓalli goma aka ɗaura. Amma wannan bai ɗauke mani tambayar abin da ni na aikata da hannuna ba. Ita za a yi mani, ba ta ajali ba.

Wani lokaci in na tsaya a tasha nakan yi tunanin abin da Lawali zai ce da ya ga yau. Motocin da ake shigowa da su yanzu da yawa da allonsu suke zuwa, wasu har da irin maɓallin nan kusa da giya, daidai wurin da ya nuna. Waɗanda suka yi masa dariya su ne yanzu ke manna salula a gilashin gaba, suna tuƙi suna latsawa. Masu babur kuma kunne a toshe. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don faɗa nawa ne. Zai zagaya motar mutum sau ɗaya, ya leƙa ciki, ya ce, "Kawo ta gobe da safe in yi maka wani ɗan abu." Kuma da yanzu rabin motocin layin nan suna da maɓallinsa.

Rakiya ta zauna gidanmu shekara shida da 'yarsu Nana. Tsakanin wa da matar ƙane akwai kunya, ba zama ake a yi hira ba, kuma na ɓuya a bayan wannan kunyar na ji daɗinta. Gaisuwa kawai muke yi. Bara, da za ta tare gidan sabon mijinta a Gazawa, ta yi sallama a bakin rumfa, ta miƙo mani wani littafin lakol daga nesa.

"Yaya, ga wannan. Sunanka ne a kai."

Na karɓa. Na ce, "Uwar Nana, kin tuna ranar da kika kawo koko?"

"Na tuna."

"Kin riƙe ni a zuciya?"

"Na riƙe ka shekara biyu, daga baya na gaji. Ban ce ba ka da laifi ba, Yaya. Ban kuma ce kana da shi ba. Ni ba na cikin motar."

Ta juya ta tafi.

Littafin na Lawali ne. A shafin farko ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Don Yaya Iro. Na sa lamba saboda ba ka aiki sai da lamba." Ya zana maɓallin, ya zana wayoyin biyar da launinsu, ya nuna ramin da kowace za ta shiga a jikin kwamfutar, mataki goma sha biyu. Ashe tun ranar da na ƙwace kayansa ya yanke shawarar cewa in an zo kan lamba ta tara ni zan yi aikin da hannuna, don in huce.

Maɓallin yana cikin akwatina duk shekarun nan, a aljihun rigar da ban sake sawa ba. Na ciro shi. Na ciro kwamfutar daga inda na ajiye ta. Ni ba mai gyaran salula ba ne, hannuna ya saba da manyan ƙarafa. Wata huɗu na yi, bayan la'asar kullum, na ƙona yatsu da dalma ban san iyaka ba. Da na kai mataki na goma na murɗa dama, sai murya ta ragu maimakon ta ƙaru. Raina ya ɓaci, na kusa ture teburin. Na duba mataki na sha ɗaya, ga abin da ya rubuta: "In ya yi baya-baya, ka musanya kore da rawaya. Kada ka yi faɗa." Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Tsohuwar motar ba ta gyaru ba, amma na ciro gwangwanin Baba na ɗaura shi a wadda nake tuƙawa yanzu, a irin wurinsa. Ranar da zan sa maɓallin na duba agogo kafin in fara. Na kwance noti biyu, na matsar da gwangwanin taƙi guda, na ɗaure, na dasa maɓallin. Minti shida. Abin da na hana ƙanena ke nan.

Yanzu in na hau hanya hannuna na sauka daga giya zuwa kansa ba tare da na duba ba. In murɗa, karatu ya tashi. In danna, ya tsaya. Ido na kan kwalta. Sau biyu a bana na ga amalanke tun daga nesa na taka birki da wuri, kuma duka lokutan biyu hannuna yana kan maɓallin.

In aka tambaye ni me ya rage na Lawali, akwai Nana, wadda ta ɗauko dariyarsa har takan firgita ni in na ji ta daga zaure. Akwai littafin. Akwai direbobi biyu na garin Agye da suka zo suka kwafi zanen. Akwai kuma lamba ta tara a bango, wadda na gama aikinta amma na kasa gogewa. Shi bai riƙe ni ba, littafin ya nuna mani haka. Yafiyarsa ta riga laifina cika. Abin da bai iya bar mani ba shi ne amsa, don amsar tana wajen mutum ɗaya, kuma ni na guje masa.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga mai karatu. Na farko, ka yi wa Lawali addu'a, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Na biyu, in kai mutumin Gidan Sori ne ko kewayenta, ko kana cin kasuwar Gidan Rumji, ka bincika mani dattijon nan mai sayen wake, mai zanen Gobirawa, wanda ya karye a hannun hagu a haɗarin mota bayan Tibiri shekara bakwai da suka wuce. In yana raye, ka gaya masa Iro wan direban yana neman sa da tambaya ɗaya: lokacin da amalanke ya fito, ina idon Lawali yake, a hanya ko a allo? Kada ya tausasa mani. In tafiya ta yi masa wuya, a aiko mani, ni zan je. In kuma shi zai zo, duk ranar da ba na kan hanya ina rumfa a Cadawa tun ƙarfe bakwai, kuma wannan karon ba zan tashi alwala ba.