Sumar Dakta Parimal

Bhanumati Kothari ta tsufa tana gyaran rubutun mutane a garin Edison na Amurka. Jaridar 'yan Gujarat, katin biki, sanarwar rasuwa, duk ta hannunta suke bi, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ba ta yi aure ba. Mahaifinsu, Bapuji, ta riƙe a ɗan gidanta da ke saman shagon sayar da zannuwan sari. Ita ce wanka, ita ce aski, ita ce ba shi kicari, faten shinkafa da wake, a baki, har ya cika.

Ƙaninta kuwa Dakta Parimal ne, likitan talabijin, mai koya wa Amurka shan madara da kurkum yana shafa suma. Da aka rubuta tarihin rayuwarsa, sai ya kawo mata ta duba, wai kada a ɓata sunayen dangi.

Ta karanta wai cikin wahala ya taso, shi da ko safarsa bai taɓa wankewa ba. Ta ja tsaki ta wuce. Nata sunan ko sau ɗaya bai fito ba. Sai ga babin rasuwar Bapuji: wai shi ya danna maɓallin wutar ƙona gawa, kamar yadda al'ada ta ɗora wa ɗa namiji, ya kuma aske kansa ƙwal don makoki.

Ta ja layi a ƙarƙashin wurin. Ranar yana can yana ɗaukar shiri kan kula da tsofaffi! Ita ta danna maɓallin, dattawa na harararta. Shi sai da toka ta huce ya iso, suma na sheƙi.

Da ya dawo karɓar aikin ta nuna masa wurin.

"Haba Motiben, babbar yaya," ya ce yana murmushin nan nasa na talabijin, "mutane na son ɗa na gari. Wa zai bincika?"

"Ba komai, ɗan na gari. Ni aikina rubutu ya dace da gaskiya." Ta ɗauko injin askin Bapuji ta kunna. "Zauna. Tunda ba a gyara littafi, sai a gyara kai."

Ya dafe suma da hannu bibbiyu, ya ja da baya har ya ture kujera.

Washegari aka cire maganar aski. Maganar maɓalli kuwa aka bar masa, aka ƙara layi ɗaya a shafin godiya: ga Bhanumati, wadda ta duba kurakuran rubutu.